Fijo, Marsandi da Bodin Katako: Tarihin Son Mota a Ƙasar Rano da Kibiya

Idan ana so a tayar da gardamar da ba ta ƙarewa a tashar motar Rano, ko a majalisar dattawa a Kibiya bayan la'asar, ba sai an tsokano siyasa ba. A yi tambaya ɗaya kawai: da za a ce mutum ya zaɓi mota guda a duk duniya, kyauta, wacce zai ɗauka? Samari za su zaro waya su nuno Lamborghini da Ferrari da G-Wagon. Magidanta za su tsaya a kan Land Cruiser ko Hilux. Tsofaffin direbobi kuwa, waɗanda suka sha ƙurar hanyar Kano tun ana lodin mutane da awaki a bodin katako, da wuya su wuce suna biyu: Fijo 504, ko tsohuwar Marsandi. Samari su kwashe da dariya, su ce Baba an tsaya a da. Amma zaɓin dattawan nan yana da dalili, kuma hanya da kaya ne suka koya musu shi.

Rano ba baƙuwar fatauci ba ce. Tana cikin Hausa Bakwai, kuma a rabon aikin da labarin Bayajida ya yi wa 'ya'yan Bawo, ita da Kano aka bai wa sarautar baba, wato rini da tufafi. Har gobe Autan Bawo ake ce wa sarkinta. Shekaru aru-aru, abin da ƙasar ta noma ko ta saƙa ko ta rina, a bayan jaki da takarkari da kawunan 'yan dako yake fita. Doki kuwa na sarki ne da hakimi da mai hali; ba a aza masa buhu, ado ake yi masa. Da mota ta zo sai ta gaje su duka biyun. Akwai motar da ta gaji doki, akwai wadda ta gaji jaki, kuma duk gardamar masu son mota a wannan yanki a tsakanin gadon nan biyu take kai-kawo.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cikin 'yan shekaru gyaɗa ta zama kuɗi. Sai dai layin dogo bai bi ta Rano ba. Ya ratsa ta yamma, ta Ɗangora da Madobi da Challawa, ya bar Rano da Kibiya da ƙauyukansu a gefe. Manomin da ya cika buhunansa sai ya nemi mai jakai, a yi kwanaki a hanya kafin kaya su kai inda ake awo. Wannan nisa da dogo shi ya sa, da manyan motoci suka fara kutsawa karkara, mutanen kudancin Kano suka karɓe su hannu bibbiyu.

Motar sarauta ce dai ta riga shiga ido. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, yana cikin sarakunan Arewa na farko da suka mallaki mota, kuma shi ne ya fara zuwa Ingila a cikinsu, a 1921, a tafiyar da ya haɗa da aikin Hajji. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka bi sahu. Tun daga wannan zamani mota ta shiga jerin kayan sarauta, ta zauna kusa da laima da tambari. Ba ta kori doki ba, domin ba a hawan Sallah a cikin mota, amma rangadi da zuwa taron Kaduna sun koma nata.

Fadar Kano na cikin waɗanda suka riƙe wannan gado da kyau. Akwai tsohuwar Rolls-Royce da ake fitowa da ita a manyan bukukuwa, wadda jaridu suka sha bayyanawa a matsayin Silver Wraith ƙirar 1952. Irin wannan mota an ƙera ta ne daga 1946 zuwa 1958, kuma duk duniya ba su kai 2,000 ba. Kamfanin inji da ƙashin mota kawai yake sayarwa. Bodi kuwa sai mai saye ya kai wa gwanaye irin su Hooper ko Park Ward ko H. J. Mulliner, su ƙera masa da hannu yadda yake so, shi ya sa da wuya a ga biyu iri ɗaya sak. Abin dariyar shi ne, haka ake yi wa motar gyaɗa ma: a shigo da kai da ƙashi daga Turai, kafintan Kano ya ɗora mata bodin katako, mai fenti ya zana mata zaki ko dawisu, a rubuta addu'a a goshi, habaici a baya. Motar sarki da ta talaka, tsarin haihuwarsu ɗaya.

Kuma motar sarki a Kano ba ta taɓa zama sha'anin sarki shi kaɗai ba. A 2017, lokacin da ake binciken kuɗin masarauta a zamanin Sarki Muhammadu Sanusi II, sababbin Rolls-Royce biyu na cikin abin da aka fi cece-kuce a kai, har majalisar masarauta ta fito ta ce abokansa ne suka saya masa. An yi makonni ana maganar a gidajen rediyo da teburan masu shayi.

Mutumin karkara dai ba Rolls-Royce ya fara gani a ƙofar gidansa ba. Landiroba ya gani. An fara ƙera ta a Ingila a 1948, bodinta na alminiyom, ƙafafunta huɗu duk suna ja, kuma nan da nan ta zama motar Di'o da En'e. Ita ke kawo malamin haraji da mai ƙidayar jangali, ita ke kawo malamin gona da masu allurar rigakafi, ita kuma ke tafiya da wanda aka kama. Yara suna bin ta da gudu, manya suna leƙenta ta katanga. An yaba ƙarfinta ƙwarai, amma ba a cika jin wanda ya ce ita yake mafarki ba. Motar hukuma ce, kuma hukuma a lokacin ba abokiyar wasa ba ce.

Wadda ta shiga rai ita ce babbar motar kasuwa: Bedford da Austin tun farko, daga baya Marsandi 911 mai guntun hanci. 'Yan kasuwar Kano irin su Alhaji Sanusi Ɗantata sun zuba jari a sufuri, motocinsu suna kwasar gyaɗa da fatu da goro. A ƙauye, direban irin wannan mota sarki ne. Shi ya ga Legas da Jos da Fatakwal, shi ke dawowa da labari da agogo da turare. A ƙarƙashinsa akwai karen mota, wanda ke murɗa ƙarfen tayar da inji da asuba, ya zuba ruwa a lagireto, ya ɗaure kaya da igiya, in an zo hawa ya diro da gudu ya cusa weji a ƙarƙashin taya don kada mota ta koma da baya. Shekaru yake yi yana wannan bauta kafin maigida ya bar shi ya taɓa sitiyari. Rayuwarsa ta yi fice har Ɗan Maraya Jos ya yi masa waƙa. Da yawa daga dattawan da ke zaɓen mota a majalisa yau ta wannan makaranta suka bi, don haka idan sun yi magana a kan inji, da hannunsu suka san shi.

Shekarun 1970 ne suka sauya komai, kuma a jere abubuwan suka zo. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama. A farkon 1973 naira ta maye gurbin fam. A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo ta Ruwan Kanya ya gangara filayen Bunkure da Kura da Kadawa, noman rani ya kankama: tumatir, alkama, albasa, shinkafa. Tumatir kuwa ba ya jiran jaki. In bai kai kasuwa yau ba, gobe ya zama asara. Sai ga kuɗin ƙarin albashi na Udoji sun faɗo hannun ma'aikata, malamin makaranta ya sayi babur, babban akawu ya fara tambayar farashin mota. Gwamnatin tarayya, da kuɗin man fetur a aljihu, ta haɗa gwiwa da kamfanonin Turai aka kafa masana'antun haɗa motoci: Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, manyan Marsandi a Inugu, manyan motoci da taraktocin Fiat a kamfanin NTM da ke kan titin Zariya a Kano, hanyar da duk mai zuwa Rano daga birni yake bi. Sai kuma Fijo a Kakuri, Kaduna, wadda aka yi wa rajista a 1972 ta fara fitar da mota a 1975.

Akwai wani ɓangare na labarin Fijo da Kanawa da yawa ba su sani ba, alhali a kan idonsu aka yi shi. A 1975 tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da ɗaruruwan jirage masu ɗauke da siminti, kaya suna wata da watanni ba a sauke ba. Kamfanin Peugeot ya ga in ya jira teku masana'antar Kaduna za ta tsaya. Sai ya koma sama: jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suka riƙa ɗauko sassan mota daga birnin Lyon na Faransa suna saukewa a filin jirgin saman Kano, daga nan manyan motoci su kwashe zuwa Kaduna. An yi shekaru ana wannan jigila. Wato Fijo da yawa da suka yi tashe a hanyar Rano, sai da suka fara sauka a Kano a cikin akwati, suka je Kaduna aka haɗa su, sannan suka dawo da ƙafarsu.

Me ya sa 504 ta kama zuciya haka? An fito da ita a Faransa a 1968, gidan zane na Pininfarina da ke Italiya ya tsara surarta, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Amma ba kyautar Turai ce ta sayar da ita a Kibiya ba. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ba ta tsoron kwazazzabo. Shokozobanta suna da dogon zango, tana haɗiye rami ba tare da ta watsar da fasinja ba. Tayoyin baya ne ke ja, don haka in an danna mata kaya sai ta ƙara kama ƙasa. Farfelarta a cikin bututun ƙarfe take, dutse ba ya samunta. Injinta silinda huɗu ne da kafireta, babu kwamfuta ko ɗaya. Bakanike a gindin bishiya, da sifana da filaya da ɗan ƙyalle, zai wanke kafireta, ya goge fulogi, ya saita kwantak, mota ta tashi. In ta ƙi, a tura. Kayan gyaranta kuwa, daga kasuwar Ƙofar Ruwa har shagon da ke bakin tasha, ba a nema a rasa.

Mai dogon baya, wadda ke da kujeru layi uku, ita ta zama motar haya tsakanin gari da gari. Akori-kura ta 404, daga baya ta 504, wadda kamfanin SCOA ya riƙa haɗawa a Legas, ita ta ɗauki kwandunan tumatir da buhunan masara da kayan ɗakin amarya. An ɗora wa waɗannan motoci abin da injiniyoyin Faransa ba su taɓa lissafawa ba, suka ɗauka.

Duniya ma ta shaida. A 1974 aka yi wani gagarumin tseren motoci daga Landan zuwa Munich, wanda hanyarsa ta ratsa Sahara ta sauko har Kano kafin ta juya arewa. Yawancin motocin sun maƙale a hamada. Citroën ce ta zo ta ɗaya, amma ta biyu da ta uku da ta huɗu duk 504 ne. A 1975 kuma 504 ta lashe tseren Safari na Kenya, wanda ake ganin ya fi kowanne wahala a lokacin. A shekarun nan ne samarin Turai suka gano wata sana'a: su sayi tsohuwar Fijo da araha a Faransa, su keto hamada ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, su sayar da ita a Nijar, kuɗin ya biya musu tafiyar har da jirgin komawa.

Siyasa ta ƙara mata daraja ta hanyar da ba wanda ya so. Ranar 13 ga Fabrairu 1976 aka harbe Janar Murtala Muhammed a cunkoson motoci a Legas, yana cikin baƙar Marsandi 230.6 wadda ba ta da sulke. An kawo gawarsa Kano aka binne, motar kuwa tana gidan tarihi na Onikan a Legas, da ramukan harsashi a jikinta. Gwamnatin Obasanjo da ta biyo baya ta ɗauki manufar rage facaka, ta ce manyan jami'ai su shiga 504. Daga nan Fijo ta zama motar gwamna da kwamishina da alƙali da ɗan sanda da asibiti. Ma'aikaci ya ci bashin mota ya sayi irin wadda gwamna ke shiga. Samun mota guda da shugaba da talaka suka yi tarayya a kanta ba ƙaramin abu ba ne, kuma tun bayan 504 ba a sake samun irinta ba.

Duk da haka, wanda Allah ya buɗa wa sosai ba ya tsayawa a Fijo. Marsandi yake hari. Kamfanin Leventis ne dillalinta, kamar yadda Mandilas ke sayar da Volkswagen, R. T. Briscoe ke sayar da Toyota. Ƙirar da aka fi sani, mai lamba 200 ko 230, wadda masana ke kira W123, an yi ta daga 1976 zuwa 1986, kusan miliyan 2.7. Nauyin ƙofarta da yadda take rufuwa a hankali, da tauraron da ke tsaye a hancinta, su ne shaidar cewa Alhaji ya isa. A Jamhuriya ta Biyu manyan Marsandi suka dawo gidajen gwamnati har jama'a suka laƙaba musu sunan Shagari. Daga baya aka sami Bi-but da 'yar ƙaramar 190. Ɗan kasuwar da ya bar ƙauye da jakar tufafi, ya yi shekaru a Kantin Kwari ko Legas, ranar da ya shigo garinsu da Marsandi a jajibirin Sallah ba ya bukatar yi wa kowa bayani. Masu Fijo suna cewa Marsandi motar nuna isa ce, gyaranta sai mai kuɗi. Masu Marsandi suna cewa Fijo motar haya ce ko da an wanke ta da madara. Kowanne yana da gaskiyarsa, amma in za a yi adalci, Fijo ta fi yi wa yankin aiki nesa ba kusa ba. Ta kai masu naƙuda asibiti fiye da yadda Marsandi ta kai alhazai filin jirgi.

A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Masana'antun da aka kafa da ɗoki suka fara tangal-tangal, domin kusan duk sassan da suke haɗawa da kuɗin waje ake sayo su. Kasuwa ta koma hannun 'yan Kwatano da Beljiyam: motocin da Turawa suka gama yayi, a sauke su a tashar ruwan Kwatano, a biyo da su ta Nijar ko ta wasu hanyoyin da ba sai an faɗa ba. Starlet da Golf da Hayis da Sharon suka cika tasoshi. Kaduna ta ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara ashirin bayan Faransa ta daina yin mai ƙofa huɗun, sannan ita ma ta haƙura. An sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa a 2006, bashi ya sa hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. A 2022 wani sabon kamfani da Ɗangote ke da hannu a ciki ya fara haɗa sababbin Peugeot a Kaduna, sai dai farashinsu ba na mai sayar da tumatir ba ne.

Yau aikin da 504 ta yi, Golf mai dogon baya ce ke yin sa. Duk wanda ya bi hanyar Karfi zuwa Bunkure zuwa Rano ranar kasuwa zai gan ta, but a buɗe, buhuna sun leƙo waje an ɗaure da igiya, bayanta na neman shafar kwalta. Ana amfani da ita, ana gode mata, amma ba a jin mai yi mata kirari.

Samarin yanzu a waya suka san motocin mafarkinsu, kuma sun san su da kyau: za su faɗi ƙarfin inji da gudun da take yi cikin daƙiƙa kaza, ko da ba su taɓa ganin ta ido da ido ba. Dattawa suna musu ba'a cewa Lamborghini ba za ta haye tudun rage gudu guda ɗaya a hanyar Kibiya ba sai ta bar haƙoranta a wurin, kuma gaskiya ne. Abin da ɓangarorin biyu ba su cika sani ba shi ne, Ferruccio Lamborghini ɗan manoma ne, da ƙera tarakta ya yi kuɗi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai a 1963 ya shiga ƙera motocin gudu. Har yau akwai taraktoci masu wannan suna. Manomin Rano da ya ce yana son Lamborghini, watakila ya fi kowa sanin abin da yake faɗa.

Ba laifi ba ne yaro ya yi mafarkin abin da ya fi ƙarfin aljihun ubansa. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, da zanen motoci a takarda ya fara; ya yi karatu a Birnin Kebbi, ya wuce makarantar zane a Detroit ta Amurka, ya shiga kamfanin General Motors, shi ya zana surar farko ta Chevrolet Volt mai aiki da lantarki da aka nuna a 2007, kuma a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsara motoci ta Nijeriya. Ita Rano kanta, sunanta ya zagaye ƙasar nan ta dalilin mota, ko da yake ta wajen abin da mota ke sha: gidajen man A. A. Rano, na Alhaji Auwalu Abdullahi Rano, suna kan manyan hanyoyi daga Kano har Legas, kuma a 2023 jiragen Rano Air suka fara jigilar fasinja. A shekarar ce kuma, ranar 29 ga Mayu, aka cire tallafin man fetur, tambayar masu sayen mota ta koma lita nawa take sha daga nan zuwa Unguwa Uku. Manyan injina da yawa sun koma ƙarƙashin rumfa tun daga ranar.

A Turai da Amurka tsohuwar mota dukiya ce. A watan Mayu 2022 an sayar da wata Marsandi 300 SLR mai rufi ta 1955, ɗaya daga irinta biyu kacal da aka ƙera, a kan Yuro miliyan 135. Ferrari 250 GTO, wadda aka yi guda 36 tsakanin 1962 da 1964, duk lokacin da ɗaya ta fito kasuwa sai an yi maganar miliyoyin daloli masu yawa. Abin da ke sa tsada a wannan kasuwa uku ne: ƙarancin irin motar, cikakkun takardun da ke nuna hannun da ta bi, da kasancewar kayan jikinta na asali. Ba sai irin waɗannan na attajirai ba ma. Ita 504 ɗin da W123, waɗanda a nan ake ganin sun zama tarkace, can suna da ƙungiyoyin masoya da ke gyara su su fito da su ranar hutu, musamman 504 mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama. Peugeot na da gidan tarihinta a Sochaux, Mercedes na da nata a Stuttgart.

A nan kuwa mota ba ta ritaya. Ta gwamnati ta koma hannun ma'aikaci a gwanjo, daga shi ta koma haya, daga haya ta koma ɗaukar itace, in inji ya buga a jingine ta a bayan gida kaji su yi ƙwai a ciki. Ƙarshenta 'yan gwangwan su zo da sikeli da abin yanka, a sayar da ita kilo-kilo. Ba za a zargi kowa ba. Mai iyali ba ya ajiye jari yana kallo don sha'awa. Amma sakamakon shi ne, ƙasar da ta haɗa dubban ɗaruruwan 504 da hannun 'ya'yanta tana gab da rasa masu lafiya da za ta nuna wa jikoki. Bodin katako mai zane ya fi shiga haɗari, domin gara da ruwan sama ba sa jiran a yanke shawara, kuma kafintoci da masu fentin da suka san aikin suna ta ƙarewa. Haka ma bakanikan da ke gane ciwon kafireta da kunne.

Fadar Kano ta nuna cewa ana iya adana mota shekara saba'in a wannan yanayi na zafi da ƙura in an so. Abin da ya rage shi ne a yi wa motar talaka irin wannan gata. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da gidan tarihi na Gidan Makama, da masarautar Rano, da reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW a Rano da Kibiya, za su iya haɗa hannu su nemo 504 mai dogon baya guda, da akori-kura guda, da 911 mai bodin katako guda, a gyara su a ajiye a inuwa, a kuma ɗauki muryar tsofaffin direbobi da yaran motarsu tun suna da rai. Kuɗin da za a kashe bai kai na sabuwar jif ɗaya ta ofis ba. Mai karatu kuma, in akwai irin wannan mota a gidanku, ta Baba ko ta Kaka, kada a yi saurin kiran mai sikeli: a ɗora ta a kan bulo, a cire batir, a rufe ta da tamfol, a nemo takardunta a adana.